Shekarar da Muka Jira Tarakta

Shekaranjiya da hantsi ina zaune tsakar gida ina tsince irin dawa a faifai, sai na ji lasifika ta shigo gari. Tun ban gane abin da ake faɗa ba gabana ya faɗi. Ruwan shuka ya sauka da asuba, ƙasa sai ƙamshi take, kaji na guje-guje suna kama shinge, ƙwarin nan masu fiffike, a gindin katanga, ga kuma motar 'yan siyasa tana zagaya lunguna, wai zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, ɗan takarar kansila ya zo gaida iyaye. Ruwan shuka da lasifika rana ɗaya! Na ajiye faifan a cinya. Wannan haɗin na taɓa ganinsa sama da shekara ashirin da suka wuce, kuma har yau ban huce ba.

Ƙauyenmu yana bayan Gusau ne, ta wajen hanyar Bungudu. A wancan lokacin in ka tsaya bakin gari da magariba kana hango fitilun birni, mu kuwa ko turken lantarki babu. Kusancinmu da birni ya isa a tuna da mu lokacin zaɓe, bai isa a tuna da mu washegari ba. Gonakin kowa a fage ɗaya suke, daga bakin rafi har wata tsohuwar tsamiya, gona na jingine da gona, gamba ce kawai iyaka. Ƙasa ce mai nauyi, in ba a huɗe ta ba, ba ta ba ka abin kirki.

Maigidana Malam Mamman, Allah ya jiƙansa, yana da shanun huɗa biyu, baƙi da ja. Baƙin nasa ne, jan nawa. Tunkiya ɗaya innata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Na yi ta kiwo, tana haihuwa ina tarawa, ban ci ba, ban yi ado ba, har na sayar da su na sayi ɗan maraƙi. Da hannuna na ba shi dusa da kanwa har ya zama sa. In ya ji ƙarar turmina sai ya ɗaga kai ya yi kuka, ya san ruwan tsari na tafe. Matan gari har tsokanata suke, wai Hajara ta fi kula da Ja a kan mijinta. Ban taɓa musawa ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Rijiya ta ja baya, sai da aka ƙara igiya guga ya taɓa ruwa. Da azahar ko ƙadangare ba ya ratsa tsakar gida. Nasiru, autana, yana goye a lokacin, bayansa duk ƙurajen zafi. Amma aiki bai tsaya ba. Maza suka share gona, suka ƙone tushiya, jakuna suka yi ta jigilar taki daga turke. Malam ya kai garma maƙera aka gyara mata baki, ya sake igiyar karkiya. Ni na sauko da damin iri daga rumbu, na sussuke, na sheƙe, na zuba a tulu na rufe da toka. Na leƙa rumbun na auna da ido. Abin da ke ciki zai kai mu sabon gero, in an yi shuka a kan lokaci. In shuka ta makara kuwa, tsakanin ƙarewar tsoho da zuwan sabo babu komai sai yunwa. Kowace mace a garin nan ta san wannan, ba sai an faɗa mata ba.

Ana cikin haka Haruna ya dawo. Ɗan garinmu ne, mun san shi tun yana yawo ba wando. Ya tafi Sabon Garin Gusau yana tsaron shagon kayan babur, sai ga shi da babbar riga da hula mai tsayi, wai shi ne zai tsaya kansila a mazaɓarmu. Aka tara maza ƙofar gidan Maigari. Mu mata ba mu je ba, amma lasifika ta kawo mana maganar har bakin murhu.

Ya ce, “Iyayena, bana ba mai wahala da garma cikin garin ga. Tarakta na nan tahe daga sakatariya, na riga na yi magana da manya. Sai dai direba ya ce shi ba ya shiga gona guntu-guntu. Ku bar mishi hwagen ga duka, daga rahi har tsamiya. Kar wanda ya huɗe, kar wanda ya shibka, don kar shi tare mata hanya. Rana guda za ta gama muku. Ni kau abin da nika so, ranar zaɓe mu zan baki guda.”

Aka yi ta kabbara. Sannan Haruna ya ce Liman ya ja Fatiha a kan maganar, duka biyun: su ba za su taɓa fagen ba sai tarakta ta zo, kuma ƙuri'arsu tasa ce. Aka ɗaga hannu, aka shafa.

A garinmu in an shafa Fatiha a kan magana, ta zauna ke nan. Da ita ake ɗaura aure, da ita ake sayar da gona, da ita ake sulhu bayan an zub da jini. Mutum ya gwammace ya yi asara da a nuna shi a ce ga wanda ya tashi Fatiha. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai har yau. Baƙo ba zai san inda zai kama mu ba. Sai ɗan gida, wanda ya taso yana ganin ubansa na shafa fuska, shi ya san da wace igiya ake ɗaure mazan garin nan.

Ruwa bai jira kowa ba. Wata ranar da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, aka tsuge da ruwa har ya cika kwatami. Da gari ya waye, na fito na tona ƙasa da yatsa, laima ta wuce tsawon hannu. Irin ruwan da manomi ke roƙo ke nan. Daga ƙauyukan wajen Furfuri muna jiyo masu huɗa suna yi wa shanu tsawa. Mu kuwa namu suna turke suna tuƙa. Ja ya yi ta jan igiya yana shinshinar iska, dabba ma ta san lokaci ya yi.

Na kai wa Malam kunu a zaure. Na tarar da shi zaune kusa da garma, rediyo a kunne.

Na ce, “Malam, ƙasa ta sha.”

Ya ce, “Na gani.”

“To mi muke jira? Ga shanu, ga garma, ga iri cikin tulu.”

Ya ce, “Hajara, da hannun ga na shahwa. Gaban Liman, gaban Maigari. Kina so a ce ni na hwara tashin ta?”

Na ce, “Ni ban shahwa ba. Ja nawa na. Ba ni shi in tahi da kaina.”

Ya ɗago ya dube ni, ya ce in shiga gida. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma a ranar na so ƙwarai a ce mai faɗa ne, da ko faɗan mun yi na ji sanyi. Na koma ciki na huce a kan turmi.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Baba Nomau, tsoho ne mai taurin kai, gonarsa ce ta ƙarshe a gindin tsamiya. Ranar taron yana kasuwa, saboda haka ya ce shi bai ɗaga hannu ba. Ya ɗaura wa shanunsa karkiya ya huɗe abinsa, ya shuka. Wayyo, ka ce kisan kai ya yi! Aka ce ɗan adawa ne, an saye shi. Samari masu yawo da fostar Haruna suka riƙa yi masa ihu in ya wuce. Aka yi sunan jikarsa, maza suka ƙi zuwa, naman ragon sai maƙwabtan ƙauye aka aika wa. A shekarar nan, a garinmu, huɗa gonarka da shanunka ya zama jam'iyya.

Ruwa na biyu ya zo, na uku ya zo. Fage ya yi kore shar, amma da ciyawa. Takin da jakuna suka yi ta wahalar kaiwa, ƙaya da tafasa ke sha. Kullum da safe maza su yi wanka su zauna bakin hanya suna duban wajen Gusau. In babbar mota ta yi ƙugi daga nesa sai yara su ruga suna “ga ta nan, ga ta nan,” sai a ga motar yashi ce. Aka tura wakilai sakatariya, aka ce musu ana jiran mai. Aka sake turawa, aka ce direba ya tafi ta'aziyya. Geron Baba Nomau ya kai gwiwa.

Taraktar ta zo fa, kar in yi musu ƙarya. Ana saura kwana kaɗan zaɓe ta shigo, ja ce, fitilarta ɗaya a fashe, an liƙe ta da fosta ko'ina, makaɗa a gaba, babura a baya. Mata muka leƙo ta kan darni, wasu har da guɗa. Ta shiga gonar Maigari da ke bakin hanya, ta ja layi ɗaya, ta juyo ta ja na biyu. Haruna ya hau ya riƙe sitiyari aka ɗauke shi hoto. Sai direba ya kashe ta ya ce wani ƙarfe ya kwance, sai an koma da ita birni, jibi za ta dawo. Da ƙafarta ta koma, lafiya lau, muna kallon hayaƙinta. Daga baya ƙanwata da ke aure wajen Mada ta zo, take ba ni labarin wata tarakta ja mai fasasshiyar fitila da ta je garinsu ta ja layi biyu. Ashe ita ɗaya ce ake yawo da ita gari-gari kamar amarya.

Duk da haka ranar zaɓe muka fita, don rabin Fatihar ke nan. Da daddare an yi ruwa, ranar kuma ta fito da zafin nan mai tururi. Muka yi layi a filin firamare, maza gefe, mata gefe, kowa da katinsa. Nasiru na bayana yana ta kuka, zanina ya jiƙe da gumi. Hantsi ya yi, ba akwati. Aka yi azahar, ba akwati. Tsofaffi suka zauna a ƙasa. Da la'asar wani ya zo a babur ya ce motar ma'aikata ta maƙale a rafi, mu ƙara haƙuri. Muka watse da magariba ba wanda ya dangwala komai, yatsunmu fes.

Washegari rediyon Malam ya faɗa mana cewa Haruna ya lashe mazaɓarmu, kuma jama'a sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Na ce, “Malam, ka ji? Ashe ko ƙuri'ar tamu ba su bukata. To don mi anka hana mu shibka?” Ya kashe rediyon, ya tashi ya shiga turke ya kwance shanu. Ba wanda ya tara mutane, ba wanda ya ce an warware komai. Kowa dai ya sunkuyar da kai ya ɗauki garmarsa.

Amma huɗar da za a yi cikin sauƙi a ƙasa mai taushi, yanzu sai da aka fara sare ciyawa mai kai ƙugu. Aka yi gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan, mata na kai fura da ba ta da nono. Shanu suka wahala. Wuyan Ja ya sale a ƙarƙashin karkiya, ni na riƙa shafa masa man kaɗe da yamma ina zagin Haruna a fili, ko a jikina wa zai ji. Muka shuka gero a lokacin da na mutane ke shirin fid da kai.

Sai marka ta kama. Ruwa ba dare ba rana, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, katangar bayan gida ta zube. A cikin markar nan na shiga rumbu na share ƙasansa da tafin hannu. Muka koma ci sau ɗaya. Da safe in ɗebo tafasa da rama a bayan gari, in dafa, in matse, in barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Yara su ci, cikinsu ya kumbura, kafin azahar suna kuka. Nonona ya ja baya, Nasiru ya yi ta tsotsa yana cizo yana saki. Wanda bai taɓa jin jaririnsa na tsotsar banza ba, kar ya ce mini in yi haƙuri da 'yan siyasa.

Gidan da ke da hatsi a garin nan gidan Baba Nomau ne, wanda aka ƙi cin naman sunan jikarsa. Can na je, na yi sallama, na ce wa matarsa ko akwai surfe. Ta dube ni, ta turo mini turmi. Na surfa musu sabon gero, ƙamshinsa na hawa kaina har jiri na ɗibata, ladana dusar. Dusar da nake ba Ja, ita na tankaɗe na tuƙa wa 'ya'yana. Da zan fito ta bi ni zaure ta cusa mini gero a ƙullin zane, ta ce kar in gaya wa kowa. Ba ni kaɗai ba ce, na sha haɗuwa da matan masu ihu a wannan zauren, kowa na kau da kai.

Da ruwan ya ƙara mana ko ɗan lokaci, da mun tsira. Bai ƙara ba, kuma ba laifinsa, lokacinsa ne ya yi. Geronmu na cikin bununi, bai yi ƙwaya ba, sama ta washe. Muka yi ta duban gabas, hadari ya taso ya watse. Zangarniya ta tsaya tsaye ba nauyi, in ka murza sai ƙaiƙayi. Abin da muka girbe a gonar da ke cika rumbu, jaki ɗaya ya kwaso shi.

Aka fara sayar da baƙin sa, na Malam. Bai kai mu ko'ina ba, ga bakuna da yawa. Wata safiya Malam ya tsaya bakin ɗakina, ya ce, “Hajara, sai Ja.” Na ce ya tafi da shi, amma ba zan fito ba. Ina jin ana kwance shi. Da suka zo wucewa ta gaban turmi ya tsaya ya yi kukan nan nasa, sai da aka buge shi ya wuce. Kasuwar Tsafe aka kai shi, wai can ya fi daraja, mahauta suka saya. A hanyar dawowa, Malam ya ce ya ga tarakta ja mai fasasshiyar fitila tana aiki a wata ƙatuwar gona mai shingen waya. Ya dawo da hatsi da igiyar Ja a hannu. Ya ɗauki karkiya ya rataye a bangon zaure. Har ya koma ga Allah bai sake mallakar shanu ba, sai dai ya yi haya, shi da ake hayar nasa.

Haruna kuwa ya tare a Gusau tun kafin kaka. Ya yi kansila, ya yi abin da ya fi kansila, ya je Makka ya dawo. Yanzu garin ma ya canza. Birni ya cinye rabin fagen, an yanka filaye an kafa duwatsu. Gonakin wajen tsamiya kuma ba mai zuwa, saboda masu bindiga, sai abin da ke kusa da hanya muke taɓawa, ido na gona kunne na daji. Lantarki ya zo, turakun dai. Akwatin zaɓe wani lokaci yana isowa, wani lokaci sai a rediyo.

To shekaranjiyar nan, lasifika na cikin zagaye sai ga yaro ya shigo da gudu, wai ana son samari duka a ƙofar Maigari, ina Nasiru. Na ce Nasiru tun da ruwa ya ɗauke na tashe shi, yana gona da shanun haya, kuma ko Maigari ne da kansa ya zo ba zai baro kunya a buɗe ba.

Ba a jima ba aka yi sallama a zaure. Alhaji Haruna ne, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, ga wani saurayi a bayansa da hula irin tasa ta da. Ɗansa ne, shi ne ɗan takarar. Wai ba zai shigo gari bai gaida gidan marigayi Malam Mamman ba, mutuminsa na amana. Aka shimfiɗa musu tabarma, matan maƙwabta suka taru, aka ajiye mini taliya da sabulu. Na fito da faifaina na zauna bakin ƙofa.

Ya ce, “Hajiya Hajara, ga ɗanku na kawo muku. Malam bai taɓa saɓa muna ba, Allah shi gahwarta mishi.”

Na ce, “Amin. Bai taɓa ba kam.”

Ya ce, “Bana in Allah ya so, taki har ƙohwar gida. Ku dai ku riƙe muna amana kamar da. A yi muna Fatiha a kai.”

Ya ɗaga hannu, ɗansa ya ɗaga, mata suka ɗaga. Ni hannuna na cikin iri, a nan na bar shi. Na karanta tawa a zuci, na bai wa Malam ladan. Da suka shafa, Alhaji ya lura, ya yi 'yar dariya.

“Hajiya, ba ki shahwa ba.”

Na nuna masa bango, daidai saman hularsa. Karkiyar na nan inda Malam ya rataye ta, gara ta ci gefe ɗaya, igiyar Ja na naɗe a jiki. Ya waiga ya duba, ɗan ma ya duba, shi bai san ko mene ne ba.

Na ce, “Alhaji, waccan da anka shahwa ba a cika ta ba tukuna. Direba ya ce jibi za shi dawo. In tarakta ta zo ta gama muna hwage, sai mu shahwa sabuwa.”

Na tashi na bar musu taliyarsu a kan tabarma, na juye irin a ƙwarya, na yafa mayafi na bi ta tsakaninsu na fita. Ƙasa na da laima, kuma Nasiru na jirana a gona.